Hukuncin Harvard: Yadda rabon guraben karatu ya tsaga bangon waɗanda ba fararen fata ba a Amurka

Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'in ƙasar duba launin fatar ɗalibi wajen ba shi gurbin karatu. Wanda ya ji labarin sama-sama zai ɗauka rikicin da aka saba ne na fari da baƙi. Amma ƙarar da aka kai Jami'ar Harvard da sunan 'yan asalin Asiya aka shigar da ita, mutanen da su ma sun sha wariya a ƙasar. A cikin kotun kuma alƙalai biyu baƙar fata, Clarence Thomas da Ketanji Brown Jackson, kowa ya kama gabansa: shi ya goyi bayan hukuncin, ita ta yi fatali da shi, kuma kowannensu ya ambaci ɗan'uwansa a rubuce yana mayar da martani. Nan ne mutane da yawa suka rikice. Idan duk waɗanda ba farare ba jirgi ɗaya ya kwaso su, kamar yadda ake yawan faɗa, me ya kai su gaban alƙali suna jayayya da juna?

Kalmomi biyu da suka riƙe maganar

Ta farko ita ce wadda Amurkawa ke kira affirmative action, wato tsarin ɗaga waɗanda wariya ta bari a baya wajen ɗaukar aiki, ba da kwangila da shiga makaranta. Shugaba John Kennedy ne ya fara sa kalmar a umarnin gwamnati a 1961. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya bayyana hujjarta a Jami'ar Howard: ba za ka ɗauki mutumin da ya shekara da shekaru cikin mari ba, ka kwance shi, ka tsayar da shi a layin tsere, ka ce ai yanzu kowa ƙafarsa ta fisshe shi, sannan ka ce ka yi adalci. Mai karatu a Najeriya zai tuna da rabon guraben jami'o'in tarayya, inda ake ware kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da ke baya a ilimi. Kamannin ya tsaya a nan, domin tun 1978 kotun Amurka ta haramta ware kaso ƙayyadadde, a shari'ar Allan Bakke, bayan wata makarantar likitanci a Kalifoniya ta keɓe kujeru 16 cikin 100. Abin da aka bari shi ne a sa launin fata cikin abubuwan da ake dubawa, tare da sakamakon jarrabawa, wasanni, garin da ɗalibi ya fito da sauransu.

Ta biyu ita ce people of color, "masu launi", laimar da ake haɗa baƙar fata, 'yan asalin Latin Amurka, 'yan Asiya da 'yan ƙasar na ainihi a ƙarƙashinta. Ba sunan ƙabila ba ne, ba kuma dangantakar jini ba ce. Suna ne na siyasa da 'yan gwagwarmaya suka yaɗa daga shekarun 1970, don tsirarun da kowannensu bai isa shi kaɗai ba su zama murya guda. Ɗan Somaliya mai tuƙa tasi a Minneapolis, da likita ɗan Indiya a Texas, da jikar bayi a Alabama, duk laimar nan ta rufe su, alhali abin da ya haɗa su ɗaya ne tak: babu wanda ake lissafawa a fari.

Abin da kotu ta yanke

Wanda ya kitsa ƙarar Bature ne mai suna Edward Blum, ba lauya ba ne, amma ya daɗe yana neman masu ƙorafi yana haɗa su da lauyoyi don rusa duk dokar da ta ambaci launin fata. Ya fara gwadawa da wata ɗaliba farar fata, Abigail Fisher, a kan Jami'ar Texas, kotu ta kayar da su a 2016. Tun kafin nan, a 2014, ya kafa ƙungiyar Students for Fair Admissions ya kai Harvard da Jami'ar North Carolina ƙara.

Hujja mafi nauyi a hannunsa ta fito ne daga takardun Harvard kanta. Jami'ar tana ba kowane mai nema maki a fannoni daban-daban, ciki har da makin "hali", wato kirki, ƙarfin zuciya, farin jini da makamantansu. 'Yan Asiya sun fi kowa maki a karatu, amma a hali su ne a ƙasa, kuma masu ba da makin galibi ba su taɓa ganin ɗalibin ido da ido ba. Mai shari'a Allison Burroughs ta kotun tarayya a Boston ta yanke a 2019 cewa ba ta ga wariya da gangan ba, ko da yake ta yarda tsarin yana da tawaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi bayanta. Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, alƙalai 6 da 3 a shari'ar North Carolina, 6 da 2 a ta Harvard, saboda Jackson ta janye daga wannan, kasancewar ta taɓa zama a ɗaya daga cikin majalisun gudanarwar jami'ar.

Babban alƙali John Roberts ya rubuta cewa kawar da wariya na nufin kawar da ita dukkanta, kuma kujerun ƙidayayyu ne: duk abin da aka ƙara wa wani, daga hannun wani aka cire. Ya bar ƙofa biyu a buɗe. Ɗalibi na iya rubuta yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa a cikin takardar neman shiga, jami'a kuma ta auna shi a matsayin labarin mutum ɗaya. Sannan hukuncin bai taɓa makarantun horar da hafsoshin soja ba.

Wata tsakar rana a Misisipi

Don a gane dalilin da ya sa 'yan Asiya suka rabu biyu a kan wannan shari'a, sai an koma baya kusan shekara ɗari.

A 1924, a garin Rosedale na jihar Misisipi, wata yarinya 'yar shekara tara, Martha Lum, ta tafi makarantar fararen fata ranar da aka dawo daga hutu. Haifaffiyar Amurka ce, mahaifinta Gong Lum ɗan Sin ne mai kantin kayan masarufi. Da aka fita tara ta tsakar rana shugaban makarantar ya kira ta ya ce kada ta dawo, hukuma ta ce ita ba fara ba ce. Uban ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Abin lura shi ne hujjar da lauyansu ya kafa: bai ce raba makarantu zalunci ne ba. Cewa ya yi fararen fata sun kare 'ya'yansu daga cuɗanya da baƙaƙe, don haka 'ya'yan Sinawa ma sun cancanci irin wannan kariyar. A 1927 alƙalai tara suka haɗu a kan cewa Martha "mai launi" ce, ta je makarantar baƙaƙe. Sai a 1954, da ƙarar da iyaye baƙar fata suka kai, aka rusa raba makarantun baki ɗaya, kowa ya amfana.

Hanyoyi biyu da ke gaban duk wanda yake tsakiya sun bayyana a wannan labari: ko ka nemi a rusa katangar, ko ka nemi a tsallakar da kai zuwa ɓangaren masu gata. Tarihin 'yan Asiya a Amurka ya bi duka biyun.

Wariyar da suka sha ba ta wasa ba ce. A 1882 majalisa ta yi dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. A 1942 gwamnati ta kwashe 'yan asalin Japan kusan 120,000 ta tsare a sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa ne. Kuma tun 1869 Frederick Douglass, wanda aka haifa cikin bauta, ya fito fili ya kare 'yancin Sinawa na shigowa da zama 'yan ƙasa, a lokacin da hakan ba ya jawo farin jini. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke fifita Turawan arewacin Turai ta buɗe ƙofa ga Asiya da Afirka, ta biyo bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ne, wadda baƙar fata suka sha duka da ɗauri kafin a same ta. Mafi yawan iyalan Asiya da na Afirka da ke Amurka yau ta wannan ƙofar suka shiga.

A cikin hoton da aka ɗauka ranar 21 ga Fabrairun 1965, lokacin da aka harbe Malcolm X a zauren Audubon na New York, matar da ta durƙusa ta tallabe kansa ba baƙar fata ba ce. Yuri Kochiyama ce, 'yar asalin Japan da aka tsare a sansanin Arkansas lokacin yaƙi. A 1968 ɗalibai baƙaƙe, 'yan Latin, 'yan Filifin, Sinawa da 'yan ƙasar na ainihi suka yi yajin karatu na wata biyar a San Francisco har aka buɗe musu sashen nazarin tarihinsu. Kalmar "Ba'amurke ɗan Asiya" ma a wannan shekarar aka ƙirƙire ta a Berkeley, ana koyi da gwagwarmayar baƙar fata. Da aka biya waɗanda aka tsare a sansanonin Japanawa diyyar dala 20,000 kowanne a dokar 1988, 'yan majalisa baƙar fata na cikin masu mara baya, kuma shekara guda bayan nan ɗan majalisa baƙar fata John Conyers ya gabatar da ƙudurin nazarin diyyar bauta.

Sai dai a daidai wannan zamani wani labarin na daban ya kunno kai. A Janairun 1966 wani masanin zamantakewa, William Petersen, ya yi rubutu a mujallar New York Times yana yabon 'yan asalin Japan: an zalunce su, ba su yi bore ba, sun duƙufa sun yi arziki. Daga nan aka samu laƙabin "tsirarun abin koyi". Yabo ne mai ƙaya, domin ma'anarsa a fakaice ita ce: ga waɗannan sun yi, ku me ya hana ku? Ba a cika faɗar cewa dokar 1965 ta ware wa masu digiri da sana'a gurabe na musamman ba, wato an tace waɗanda suka shigo tun daga gida, ana kuma gwada su da mutanen da aka hana wa kakanninsu koyon karatu da ƙarfin doka.

Kwalbar lemo a Los Angeles

Ranar 16 ga Maris 1991, kwana 13 bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 15, Latasha Harlins, ta shiga wani kanti a kudancin Los Angeles. Ta sa kwalbar lemon zaƙi ta dala 1.79 a jakarta, kuɗin na hannunta. Mai kantin, Soon Ja Du, 'yar Koriya, ta zarge ta da sata. Suka yi kokawa, yarinyar ta ajiye kwalbar ta juya za ta fita, matar ta harbe ta a ƙeya. Kyamarar kantin ta ɗauki komai. Masu taya alƙali hukunci sun same ta da laifin kisa cikin zafin rai ba da shiri ba, amma alƙaliya ba ta tura ta gidan yari ba, sai tarar dala 500 da aikin al'umma.

Da aka wanke 'yan sandan da suka doki King ranar 29 ga Afrilun 1992, birnin ya kama da wuta. Mutum fiye da 60 suka mutu, kuma shagunan 'yan Koriya sama da 2,000 aka ƙona ko aka wawushe. 'Yan Koriya har yau suna kiran abin Sa-i-gu, wato huɗu-biyu-tara, kwanan watan. Ƙorafinsu bai tsaya ga masu ƙone-ƙonen ba. Sun ce sun yi ta kiran 'yan sanda ba a zo ba, an ja daga ne a unguwannin masu kuɗi. Ƙorafin baƙar fata kuma shi ne baƙi sun cika unguwarsu da shagunan giya, ba sa ɗaukar 'ya'yansu aiki, suna bin su da ido kamar ɓarayi. Bankunan da suka ƙi ba mazauna unguwar rance da manyan kantunan da suka kwashe suka bar ta tun shekaru, babu wanda ya ƙona musu komai, don ba sa nan.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan hukuncin, musamman iyaye 'yan Sin da suka shigo cikin shekarun baya-bayan nan, suna cewa ɗansu bai bautar da kowa ba, kakansa ma bai taɓa taka Amurka ba, don me zai biya bashin da ba shi ya ci ba? Suna tuna yadda Harvard ta rage yawan Yahudawa a shekarun 1920 da irin wannan ma'auni na "hali". Alƙali Thomas yana da tasa hujjar: tsarin yana shafa wa duk baƙin da ya yi nasara tabon cewa alfarma aka yi masa. Ya taɓa bayyana cewa ya manna wa takardar digirinsa ta Yale tambarin farashi na santi 15, saboda yadda masu ɗaukar aiki suka raina ta.

Masu adawa suna cewa cire launi daga doka bai cire shi daga rayuwa ba, kuma wannan ce zuciyar abin da Jackson ta rubuta. Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna dukiyar matsakaicin gida farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa kusan 45,000. Ƙungiyoyin 'yan Asiya da dama sun shiga shari'ar a ɓangaren Harvard, suna cewa idan makin "hali" ne matsalar a gyara shi, ba a rusa tsarin da ke taimakon 'ya'yan 'yan gudun hijirar ƙabilar Hmong, Kambodiya da Bama ba, waɗanda ba su da abin da 'ya'yan injiniyoyin Indiya ke da shi. A ganinsu Blum ya ga fuskar Fisher ba ta ci kasuwa ba ne ya canza fuska.

Jama'ar gari kuwa ba su tsaya cak a layi ɗaya ba. A binciken cibiyar Pew na 2023, kashi 53 na 'yan Asiya da suka san tsarin sun ce abu ne mai kyau, amma da aka tambaye su ko a duba launin fata wajen shiga jami'a, kashi 76 suka ce a'a. Amsa ta dogara da yadda aka yi tambayar. A Kalifoniya, inda fararen fata ba su kai rabi ba, an nemi dawo da tsarin a ƙuri'ar 2020 bayan haramcin 1996, kusan kashi 57 suka ƙi.

Ina 'yan Afirka suka tsaya?

Akwai wata tsagar a cikin baƙar fata kansu, kuma ta shafi 'yan Najeriya, Ghana da Habasha kai tsaye. A 2004 malaman Harvard biyu baƙar fata, Henry Louis Gates da Lani Guinier, sun ja hankali cewa mafi yawan ɗaliban jami'ar baƙaƙe, wataƙila kashi biyu cikin uku, baƙi ne daga Afirka da Karebiyan, ko 'ya'yansu, ko ruwa biyu. Wani bincike na 2007 ya gano baƙi da 'ya'yan baƙi su ne kashi 41 na ɗalibai baƙar fata a manyan jami'o'in nan takwas da ake kira Ivy League, alhali kashi 13 ne kawai na matasa baƙaƙe a ƙasar. Tambayar da ta taso ba ta da daɗin ji amma tana kan hanya: tsarin da aka gina don jikokin bayi, ya aka yi ɗan likita daga Legas ya fi cin moriyarsa? A kan wannan aka kafa tafiyar ADOS, ta masu cewa zuriyar bayin Amurka su kaɗai ke bin ƙasar bashi. Kwamitin diyya na Kalifoniya ya ɗauki irin wannan matsayi a 2022, da ƙuri'a 5 da 4.

Masu mayar da martani suna kawo sunan Amadou Diallo, ɗan Gini mai tallar kaya a titi, wanda 'yan sandan New York huɗu suka buɗe wa wuta da harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, yana ƙoƙarin ciro walat. Babu wanda ya tambaye shi ko kakansa bawa ne. A gaban bindiga launi ɗaya ne, a gaban teburin rabo kuma asali ya fara aiki. Kusan duk tarihin da aka zayyano a sama haka ya tafi: haɗin kan ya fi ƙarfi inda barazana ta game kowa, ya fi rauni inda ake raba abu ƙidayayye.

Abin da ya canza a ƙasa

Ɗaliban farko da aka ɗauka bayan hukuncin sun shiga aji a 2024. A jami'ar MIT baƙar fata sun faɗo daga kusan kashi 13 zuwa 5, 'yan Asiya suka hau zuwa 47. A kwalejin Amherst baƙaƙe sun sauka daga 11 zuwa 3. A Harvard daga 18 zuwa 14, yayin da kason 'yan Asiya bai motsa daga 37 ba a wannan shekarar. A Yale kuwa kason 'yan Asiya raguwa ma ya yi, har ƙungiyar Blum ta aika wa jami'ar takardar gargaɗi.

Ga yawancin iyalai, hukuncin bai taɓa ƙofar makarantar 'ya'yansu ba, domin mafi yawan ɗaliban Amurka suna kwalejojin da ke karɓar akasarin masu nema. Rigimar ta jami'o'i ƙalilan ce masu tsananin tacewa, irin Harvard da ta ɗauki ƙasa da mutum 4 cikin 100 na masu nema a 2024. Amma daga nan ake fitar da alƙalai, 'yan majalisa da shugabannin kamfanoni, shi ya sa ake jin zafinta. Ɗalibin da ke nema daga Kano ko Maraɗi ana lissafa shi ne a rukunin 'yan ƙasar waje, don haka biza da kuɗin makaranta sun fi zama damuwarsa. 'Ya'yan 'yan Afirka da aka haifa can kuwa hukuncin ya hau kansu kamar kowane baƙar fata.

Inda abin ya fi yaɗuwa shi ne wajen jami'a. Wata ƙungiyar Blum ta kai ƙarar asusun Fearless Fund, mai ba mata baƙar fata masu ƙananan sana'o'i tallafin dala 20,000, kuma a Satumban 2024 asusun ya rufe shirin. Guraben tallafin karatu da yawa da aka keɓe wa tsiraru an buɗe su ga kowa ko an soke su. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya soke umarnin Johnson na 1965 da ya wajabta wa 'yan kwangilar gwamnati bin tsarin.

Ƙofar bayan gida

Akwai wani adadi da ya fito daga takardun shari'ar wanda bai samu amon da ya kamata ba, kuma masanin tattalin arzikin da ƙungiyar Blum ta ɗauka, Peter Arcidiacono, na cikin waɗanda suka fitar da shi. Kashi 43 na fararen fata da Harvard ta ɗauka sun shigo ne ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke jerin musamman na shugabanni, inda 'ya'yan masu ba da gudummawa suke. A cikin baƙaƙe, 'yan Latin da 'yan Asiya, adadin bai kai kashi 16 ba. Masu binciken sun ƙiyasta cewa kusan uku cikin huɗu na waɗannan farare da ba su samu shiga ba in da an auna su kamar kowa. Hukuncin 2023 bai taɓa wannan ƙofa ba.

A nan ne ɓangarorin da suka yi shekara tara suna shari'a suka samu abin da suka yarda a kai. Alƙali Neil Gorsuch na masu rinjaye ya soki gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, Sonia Sotomayor ta marasa rinjaye ma haka, Blum kansa ya ce a soke shi. Kwana huɗu bayan hukuncin, ƙungiyoyi uku na yankin Boston, na 'yan Latin da na baƙar fata, ciki har da ta 'yan Afirka mazauna can, suka haɗa takardar ƙorafi guda suka kai ma'aikatar ilimi a kan wannan gata na Harvard. A 2024 jihohin Virginia da Maryland suka yi dokar hana shi, Kalifoniya kuma ta haramta shi a jami'o'inta masu zaman kansu irin su Stanford.